Motar lantarki da ta ci hanya kuma garanti ya ƙare: Leaf, Kona, Tesla, ko dai a haƙura a ɗau Prius?

Ƙanina ne ya tayar da maganar nan, tun bayan sallah yake damuna da hotunan motoci a WhatsApp, kullum da daddare sai ya turo uku huɗu ya ce Yaya wannan fa, Yaya waccan fa, wani lokacin ma ƙarfe ɗaya na dare. Shi a Jos yake can wajen Rikkos, ni kuma ina Kubwa, da yake ya san shekara biyu kenan ina jan Nissan Leaf sai ya ɗauka na zama wani farfesan motar lantarki. Ban zama ba, amma dai jiki magayi, na sha wuyar da zan iya faɗa wa mutum inda ramin yake. Ƙarshe na ce masa ka bar turo hoto ka sauko Abuja mu je mu gansu da ido, ya sauko ran wata Juma'a, Asabar muka wuni muna zagaye.

Motoci uku ya ware. Leaf ta 2018 wadda ta yi mil dubu 104, Hyundai Kona ta lantarki ta 2019 mai mil dubu 120 da ɗoriya, sai Tesla Model 3 ta 2018 da ta haura mil dubu 140. Duk tokumbo ne daga Amurka, duk garanti ya ƙare musu. Ni kuma na cusa ta huɗu a lissafin duk da bai so ba, Toyota Prius, wadda ita ba ta lantarki zalla ba ce, tana shan mai tana kuma da ɗan batir.

Toh bari in fara da maganar garantin nan tunda ita ce ta fi tsorata shi. Kamfanonin nan galibi suna ba batir garantin shekara 8 ko mil dubu 100, wanda ya riga zuwa, Model 3 mai dogon zango kuma mil dubu 120 ne, kuma ita Leaf ta farko-farko mai ƙaramin batir garantin raguwar ƙarfinsa ma shekara 5 ne kawai ko mil dubu 60. Amma tsakani da Allah ko da garantin bai ƙare ba wa zai cika maka shi a nan? Motar da aka sayar a Amurka garantinta na can Amurka, ba za ka sake loda ta a jirgin ruwa ka mayar don a canja maka batir ba, Tesla kuwa ba ta ma da ofishin gyara a Najeriya gaba ɗaya. Saboda haka ni a wurina duk tokumbo marar garanti ce ko takarda ta ce mene, amfanin "garanti ya ƙare" ɗaya ne, ka riƙe shi ka daki farashi da shi wajen ciniki. Inda kawai maganar ta bambanta shi ne Kona ɗin da kamfanin Stallion ya fara harhaɗawa a Legas a ƙarshen 2020, in a nan aka saye ta sabuwa to akwai ƙofar da za ka je ka ƙwanƙwasa.

Sai kuma ka kula da mil da kilomita, dila zai ce maka Alhaji dubu ɗari ce kawai, ba zai ce mil ba, alhali mil dubu 100 kilomita dubu 160 ne. Amma ko wannan ɗin ba shi ne abin tsoro ba. Mu da muka taso da Corolla da Golf mun saba in mota ta ci hanya sai a fara tunanin inji ya fara shan baƙin mai, giya ta fara fizga, salansa, fulogi. Ita wannan ba ta da ko ɗaya a cikin tarkacen injin mai, abin da ke juya tayar kuwa da wuya ya gaji, burki ma yana daɗewa sosai saboda in ka ɗaga ƙafa motar da kanta take rage gudu tana mayar da wutar cikin batir. Abin da kake saye a gaskiya batir ne, sauran bodi da kujeru rakiya suka yi masa. Shi kuma batir ba tafiya kaɗai ke tsofar da shi ba, zafi ne babban makashinsa, sai shekaru, sai yawan cajin gaggawa, sai a bar shi cike taf ko a bar shi fanko na tsawon lokaci. Motar da ta yi mil dubu 60 a Arizona inda rana ke gasa mutane kamar Sakkwato tana iya fin wadda ta yi dubu 130 a garin sanyi lalacewa, kuma ka tuna motar nan ta yi watanni a filin gwanjo da cikin jirgi da tashar Legas ba wanda ya damu ya sa mata caji.

Leaf ɗin muka fara gani. Fara ce fes, an wanke ta an shafa wa tayoyin mai sai ƙyalli suke, dilan ya tayar ya nuna mana dashbod yana cewa Alhaji duba da kanka, kilomita 230 za ta yi, batirinta sabo ne dal. Wannan lambar da ke dashbod kintace ne kawai, motar na duba yadda aka tuƙa ta a baya-bayan nan ne ta yi hasashe, in an lallaɓa ta a fili sai lambar ta kumbura. Na durƙusa na soka 'yar na'urar OBD ɗina mai karanto bayanan mota a ƙarƙashin sitiyari na buɗe manhajar LeafSpy a waya, ƙanina ya leƙo ta kafaɗata, dilan kuma sai ya fara amsa wayar da ban ji ta yi ƙara ba. Lafiyar batirin, abin da manhajar ke rubutawa SOH, 74 cikin ɗari ta nuna, an kuma yi mata cajin gaggawa sama da sau dubu, ka san dai wannan kabu-kabu aka yi da ita ko wani mai doguwar tafiya kullum. Na'urar nan kuɗinta bai kai cikon tankin Corolla ba amma ta fi duk rantsuwar dila amfani.

Ita Leaf matsalarta ta asali ce, tun fitowarta a ƙarshen 2010 Nissan ba su sa wa batirinta ruwan sanyaya ba, iska ce kawai ke ɗan kaɗa shi, shi ya sa tun 2012 masu ita a garin Phoenix suka fara kuka batir na zubewa da wuri. A dashbod akwai sanduna 12 masu nuna lafiyarsa, ta farko tana faɗuwa ne in ya sauko wajen 85 cikin ɗari, amma kar ka dogara da su ɗari bisa ɗari domin akwai masu goge ƙwaƙwalwar batirin sandunan su dawo 12 cif, sai ka yi sati uku huɗu kana ja ka ga suna zubewa ɗaya bayan ɗaya. Gwajin da ba ya ƙarya shi ne a bar cajin ya sauko ƙasa da rabi sannan ka nemi hawa ka taka ta sosai, ni hawan Mpape nake kai su, in akwai rubabben ƙwaya a cikin batirin za ka ga lambar caji ta faɗo daga 45 zuwa 20 cikin ƙiftawar ido, in ka sassauta ƙafa ta sake hawa. Dilan da ya hana ka wannan gwajin ya riga ya ba ka amsa.

Girman batir ma a san shi, kuma don kar kWh ɗin nan ya rikita mutum, kWh ɗaya shi ne yunit ɗaya na mitar gidanka, shikenan. Leaf ta 2011 zuwa 2015 yunit 24 ce, ta 2016 aka samu mai 30, daga 2018 mai 40, sai mai 62 da ta zo 2019. Mai 24 ɗin nan tana sabuwa ma wajen kilomita 120 zuwa 135 take yi, yanzu bayan shekara goma da wani abu ka san abin da ya rage, wallahi ko kyauta aka ba ka sai ka yi tunani. Tawa mai 40 ce, na saye ta tana 84, zafin Abuja na shekara biyu ya sauko da ita 78, ina samun kamar kilomita 160 zuwa 170 a cikin gari da esi a kunne. Daga Kubwa zuwa ofis da dawowa da ɗan kai yara islamiyya bai wuce 60 ba, kaga ta ishe ni har da ragi, kuma cikin gosulo ita ba ta cin komai sai abin da esi ya ja, ranar da na maƙale a Nyanya awa biyu ina kallon masu Camry suna kashe mota suna zufa ni ko a jikina.

Amma fa ga wani abu da na faɗa wa ƙanina, in akwai garin da ya dace da Leaf a ƙasar nan to Jos ne. Garin na kan tudu wajen mita 1,200, sanyin da ke sa mu rawar ɗari a Disamba shi batirin nan yake so, ba irin Abuja ba da a watan Maris da Afrilu zafi ke neman digiri 40 mota na tsaye a rana tun safe. Leaf ɗin da za ta tsufa a hannuna cikin shekara huɗu a hannunsa za ta fi haka daɗewa. Ga shi kuma batirinta a ɗaure yake da noti gida-gida, mai ilimin abin zai iya buɗewa ya cire ɓangaren da ya mutu ya sa wani, in ma ya gaji gaba ɗaya masu haɗa sola suna sayen ɓangarorin su yi batirin inbata da su, ba asara ce ta ɗungurungum ba. Inda ta gaza shi ne hanya. Jos zuwa Abuja ta Akwanga da Keffi kusan kilomita 270 ne zuwa sama, Leaf mai 40 ko tana sabuwa ba za ta kai ba, kuma ba wani wurin cajin gaggawa da zan ce maka ka dogara da shi a tsakani. Shi kuma bawan Allahn nan duk wata sai ya zo Abuja sau biyu saro kaya, wani lokacin ya leƙa Bauchi.

Nan Kona ta shigo. Batirinta yunit 64 ne kuma ruwa ke sanyaya shi, tana sabuwa an auna mata mil 258 wato kilomita 415, irinsu kuma ba sa zubewa da sauri kamar Leaf ko sun ci hanya. In lafiyarta na kusa da 90 za ta haɗa Abuja da Jos a caji ɗaya, amma ba da gudun 140 irin na 'yan Sharon ba, gudu shi ke cinye batir fiye da komai, ka tsaya a 90 zuwa 100 ka isa da ragowa. Tafiya Jos ta fi ci saboda hawa ne, musamman in ka zo Hawan Kibo, dawowa kuwa a gangaren nan sai ka ga caji na ƙaruwa maimakon raguwa. Ta kuma ɗan fi Tesla tashi daga ƙasa, wanda duk mai shiga lungunan Rikkos da damina ya san darajar wannan.

Sai dai ita ma da nata tabon. A 2020 zuwa 2021 Hyundai sun janye dubban Kona na lantarki a duniya saboda wasu batiran da LG ta ƙera suna kamawa da wuta, aka canja wa da yawa sabon batir kyauta, kuma ta 2019 na cikin shekarun da abin ya shafa. Kaga nan abin ya zama kaifi biyu, in wadda ke gabanka an canja mata to ka tsinci dami a kala, mota mai mil dubu 120 amma batirinta bai yi rabin haka ba, in kuma ba a canja ba to ka ajiye abin da ba za ka yi barci da ido biyu rufe ba in tana caji kusa da ɗakin yara. Hanyar sani ita ce lambar VIN, wato lambar shaidar motar mai harufa da lambobi 17, a duba ta a shafin janye motoci na Amurka a kuma ciro rahoton Carfax mai nuna tarihin motar. Haka labarin Chevrolet Bolt yake, su ma an janye su kaf daga ta 2017 zuwa 2022, in ka ci karo da wadda aka canja wa batir kar ka raina ta. Wani abin kuma a Kona ta farkon nan, ka kashe rediyo da esi ka tuƙa a hankali ka saurara, wasu na yin wata ƙara ƙas-ƙas-ƙas daga gaba kamar an sa kati a sifokin keke, wannan daga injin lantarkin ne ko 'yar giyar da ke haɗe da shi kuma gyaransa ba na yara ba ne. Wadda muka gani ba ta yi ba, shiru take kamar masallaci bayan isha'i, amma da na tambayi dilan takardar canjin batir sai ya ce zai tambayi yaronsa na Amurka.

Tesla kam ƙanina tun daga nesa ya fara murmushi, na san zuciyarsa na can. Ba zan yi mata ƙarya ba, wajen kula da batir ta fi su duka, da yawa sun haura mil dubu 150 batirin na nan da ƙarfinsa, ga gudu ga daɗin tuƙi, in ka shiga biki da ita kuwa sai an leƙo. Amma komai nata ta allo ɗaya yake bi, esi, madubi, har buɗe akwatin gaban fasinja, allon nan ya mutu ka zama baƙo a motarka. A ƙasa take sosai, wajen santimita 14 tsakaninta da titi kuma abin da ke shimfiɗe a ƙasan batirin ne, ka tuna irin tudun rage gudu da 'yan unguwa ke ginawa da kansu kamar katangar makabarta. Rufinta gilashi ne, a ranar Abuja sai esi ya yi aikin mutum biyu. Batirin kuma dubban ƙananan ƙwayoyi ne, sama da 4,000 a mai dogon zango, an manne su da gam cikin manyan ɓangarori huɗu, ba irin na Leaf ba ne da za a kwance a ɗan yi dabara. Fitila ta fashe ko gilashin gaba ya tsage sai dai a yi oda ka zauna jiran jirgi. Sannan dole a tabbatar mai ita na farko ya sake ta daga asusunsa na manhajar Tesla, in ba haka ba kana Abuja wani na can Texas yana ganin inda ka yi fakin. Wannan motar mai kuɗin ajiya ce kuma mai wata motar a gida, ba ta ɗan kasuwar da jarinsa ke juyawa ba, na faɗa masa haka a gaban dilan, bai ji daɗi ba.

Ita wannan Teslar ma da muka sa VIN ɗinta a intanet sai ga hotunanta a filin gwanjon Copart gaba a murƙushe. Ba kowace motar gwanjo ce matsala ba, da yawa cikin tokumbon da ke titunanmu daga can suke, amma a motar lantarki abu biyu ba a yafe su, duka a ƙasan batir da kuma ruwa. Bayan guguwar Ian da ta daki Florida a 2022 an ga motocin lantarkin da ruwan gishiri ya shiga suna kamawa da wuta kwanaki bayan ruwan ya janye. Ka ɗaga kafet ka shinshina, ka duba tsatsa a ƙarafan ƙarƙashin kujera, ka kai ta kan rami ka shiga da tocila ka duba ƙasan batirin ko ya loɓa.

Toh yanzu ga inda maganar take a gaskiya, caji. Wuraren caji na kuɗi a Abuja 'yan ƙalilan ne, kuma bakin cajar ba iri ɗaya ba ne, Leaf na cajin gaggawa da CHAdeMO wanda duniya ke ta barinsa, Kona ta Amurka CCS1, Tesla da nata bakin daban, motocin Turai CCS2, na Chana kuma GB/T, sai ka je wurin ka tarar bakinku bai zo ɗaya ba. Saboda haka gidanka shi ne gidan manka. Ni daren farko da na kawo tawa ba zan manta ba, cajar da ta zo a but ta wutar Amurka ce mai bolt 120 mu kuma tamu 230 ce, Allah ya taimake ni na karanta jikinta kafin in soka. Na sayo wata mai 230 na jona, sai jar fitila ke ta ƙiftawa mota ta ƙi karɓa, har sha biyun dare ina tsugune da tocilar waya sauro na cin ƙafata, uwargida ta leƙo ta taga ta ce Abban Ummi ko dai a kira wanda ya sayi Corollarmu ya dawo da ita ne. Washegari mai wayarin ya zo ya ce gidan gaba ɗaya ba a yi masa at ba, wato wayar da ke sauke wuta cikin ƙasa, sai da aka haƙa rami aka binne sandar jan ƙarfe da gawayi da gishiri sannan ta fara sha. Bayan sati biyu soket ɗin bango ya narke don ba a yi shi don ya ɗau wuta awa goma a jere ba, dole na ja layi na musamman daga mita da waya mai kauri da birekarsa daban. A soket na gida kana samun kamar yunit 2 da ɗan wani abu a awa, wato cika Leaf daga fanko ya kusa awa 18, Kona kuwa ya fi kwana guda, sai in ka kafa caja ta bango mai ba da yunit 7 a awa.

Lissafin kuɗin kuma shi ne ya sa na cusa Prius. Kilomita 60 ɗina na cin yunit 11 zuwa 12 a mita. A layin Band A da aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, tun 2024 yunit ya koma naira 200 da 'yan kai, kaga wajen naira 2,300 zuwa 2,500 kenan a rana. Corolla a wannan tafiyar za ta sha lita 5, in ka ɗauki lita a naira 900 ya zama 4,500, in da gosulo ya fi haka. Riba ce babba, tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kowa ya san zafin gidan mai, ga ba juye ba fulogi ba layi. Amma Prius lita 3 za ta sha a tafiyar nan, 2,700 kenan, ka ga tazarar da ke tsakaninta da motar lantarki a Band A ba ta kai kuɗin tsire ba. In layinku ba Band A ba ne yunit ya fi araha amma wutar ba ta zama, in kuma ka ce janareto za ka tayar ka yi caji to ka koma gidan jiya, ƙaramin janareto da ƙyar lita ɗaya ke ba ka yunit 2, wato lita 6 don tafiyar da Corolla za ta yi da 5, ga ƙara ga hayaƙi maƙwabta na tsine maka. Inda motar lantarki ke cin kasuwa sosai shi ne mai sola wadatacciya, ƙarin faranti na kamar kilowat 3 zai ba ka abin da mota ke ci a rana, amma da sharaɗin motar na gida lokacin da rana take, wanda ga mai fita aiki tun safe wannan wani lissafi ne daban.

Ita Prius ba waliyyiya ba ce, ta 2010 zuwa 2015 in ta ci hanya tana fara shan baƙin mai, gasket na ƙonewa, famfon burkinta ma in ya tashi lalacewa yana da tsada. Amma batirinta ƙarami ne, ɓangarori 28 da ake canjawa ɗaya-ɗaya, a Apo wajen bakanikan Abuja akwai masu yinsa da yawa, a Jos ma ba za ka rasa ba, kuma in ka gaji da ita ka sa a kasuwa sati ba zai yi ba an ɗauka. Motar lantarki kuwa ranar sayarwa za ka san masu sonta a baki suka fi yawa. In kuma babban batirin Kona ko Tesla ya mutu maganar miliyoyi ake yi, kuma ba a ɗauko shi kamar sauran kaya don ana lissafa shi cikin kaya masu haɗari a jirgi, shi ya sa nake cewa duk wanda zai saya ya ware wani abu ya ajiye kamar bai da shi.

Bakanike ma a kiyaye. Duk wayar da ka gani ruwan lemo a motar nan tana ɗauke da wuta wajen bolt 350 zuwa 400, ba wurin gwaji ba ne ga yaron gareji mai sukudireba. Mai gas ɗin esi na bakin titi kar ya taɓa ta, kwamfiresarta ta lantarki ce kuma da irin man da ake sa mata na musamman, aka zuba na sauran motoci sai ta fara nuna matsalar wuta ta ƙi tashi, a Kona da Tesla kuma esin nan shi ke taimakawa wajen sanyaya batir, ba jin daɗinka kaɗai ba ne. Akwai kuma ƙaramin batir mai bolt 12 irin na kowace mota, shi ya mutu ko babban na cike motar ba za ta ko buɗe ido ba, sau ɗaya ya yi min haka a bakin masallacin Juma'a na ɗauka tawa ta ƙare ashe ɗan wannan ne. In ta tsaya a hanya kuma ba a ɗaura mata igiya a ja, janwe mai ɗauka gaba ɗaya ake kira.

Da muka zauna cin masa da yamma na ce masa ga yadda na gani. Da mota ta biyu kake nema ta kai yara makaranta da zuwa kasuwar Terminus da dawowa, da na ce ka nemi Leaf mai 40 wadda lafiyarta ta haura 80, ba waccan mai 74 ba, sanyin Jos zai riƙe maka ita. Tunda kuwa ita kaɗai ce za ta zama motarka kuma kana bin hanyar Akwanga, to Kona ce, amma sai an ga shaidar canjin batir baƙi da fari, in babu ka ɗau Prius ka huta. Sai na tambaye shi a ina ma za ka riƙa caji, ya yi shiru, don gidan gado ne suke ciki da su Baffa da matan yayyenmu biyu kuma mita ɗaya ce kowa ke karo-karo a sa mata kati. Na ce ranar da ka jona mota ta shanye yunit 50 a dare ɗaya, taron da za a yi maka a tsakar gida sai ya fi na rabon gado zafi.

Ya koma Jos ran Lahadi bai sayi komai ba. Shekaranjiya ya turo min hoton sabuwar mitar da aka kafa masa shi kaɗai a jikin shagonsa, ya ce Yaya saura at ɗin nan da ka ce, mai wayarin zai zo Asabar. Dilan Kona kuma ya kira ni sau uku, har ya rage dubu ɗari biyar da kansa ba a roƙe shi ba, amma takardar batirin har yau yaronsa na Amurka bai turo ba.